Taimakon ƙasashen waje: nawa ne, kuma don me ake ba da shi?

Baƙon da ya ji sunan unguwar Koira Kano a karo na farko yakan zaci wani zango ne na Kanawa a cikin birnin Yamai. Ba haka ba ne. Kalmomin na Zabarmanci ne, ma'anarsu kuwa gari mai daɗi. Unguwar tana yammacin birni, ba nisa da hanyar da ofisoshin jakadanci suke jere, cikinsu har da na Amurka. Manyan gidaje ne masu dogayen katangu da inuwar itatuwa, kuma shekara da shekaru ke nan ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan furoje, watau ayyukan raya ƙasa da ake yi da kuɗin waje, suke kama haya a cikinta. Wanda ya bi titunanta da safe ya saba ganin fararen motocin katkat, kowace da tambarin ƙungiyarta a jikin ƙofa.

Mai gadi da direba da kuku da mai shayin bakin titi na wannan unguwa ba su taɓa taka majalisar dokokin Washinton ko ta Landan ba, amma hukuncin da ake yankewa can yana iske su har ƙofar gida. Ranar da aka rufe furoje, su ne farkon waɗanda albashinsu yake tsayawa. Bayansu kuma akwai mutanen karkara, waɗanda gidan sauro da allurar rigakafi da abincin yara masu tamowa suke isa gare su a cikin waɗannan motoci.

Tun daga shekarar 2023 maganar taimakon waje ta zama abin gardama, a ƙasashen da suke bayarwa da ma ƙasar Nijar. Gardamar tana da kai biyu: yawan kuɗin, da kuma manufarsa. Ya kamata mai karatu ya san kowane ɗaya, domin ya iya auna maganar da kansa.

Abin da ake nufi da taimakon gwamnati

Taimakon da ake magana a kansa shi ne kuɗi, ko kaya, ko ƙwararrun ma'aikata, da gwamnatin wata ƙasa take ba wata ƙasa domin raya ta, ko dai kyauta, ko kuwa rance mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi. Sadakar da mutum ya ciro daga aljihunsa ba ta cikin wannan lissafi, haka ma makamai. Kuɗin yana fitowa ne daga lanho, watau harajin da jama'ar ƙasar mai bayarwa suke biya. Shi ya sa kowace shekara sai ƴan majalisarsu sun tattauna a kansa, kamar yadda suke tattaunawa a kan kuɗin makarantu da na asibitoci. Wani sashe yana shiga baitulmalin ƙasar da aka taimaka kai tsaye, wani yana bi ta hannun Bankin Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, wani kuma ana danƙa shi ga ƙungiyoyi masu zaman kansu irin waɗanda suke da biro a Koira Kano.

A shekarar 1969 wani kwamiti da tsohon firaministan Kanada, Lester Pearson, ya shugabanta ya ba da shawarar a tsai da ma'auni. A 1970 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa kowace ƙasa mai arziki ta riƙa ba da kashi 0,7 cikin ɗari na dukiyar da take samu a shekara. Ga yadda abin yake a lissafin kasuwa: cikin kowace jika ɗaya, a ware tamma 7, watau dala ɗaya da tamma biyu.

Shekaru fiye da hamsin bayan wannan alkawari, ƙasashe ƙalilan ne suka cika shi. Ƙididdigar ƙungiyar OCDE ta shekarar 2024 ta nuna huɗu kawai: Norwe, Luksamburg, Suwidin da Danmak. Jimillar abin da ƙasashe masu bayarwa suka fitar a wannan shekara ya kai dalar Amurka miliyar 212. Kuɗi ne mai yawa in an gwada shi da kasafin kuɗin Nijar, don ya ninka shi kusan sau 40. Amma in an gwada shi da arzikin masu bayarwar, tamma 3 ne da ɗan kai a cikin jika, bai kai rabin abin da aka yi alkawari ba. Amurka, wadda ta fi kowa yawan kuɗin da ta bayar a shekarar, tamma 2 da ɗan kai ta fitar a cikin jikarta.

Gardamar masu bayarwa

A Amurka, shugaba John Kennedy ne ya kafa hukumar USAID a 1961. Ranar 20 ga Janairu 2025, ranar da ya koma kan mulki, shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da taimakon waje na tsawon kwana 90. A watan Maris ministan harakokin wajensa, Marco Rubio, ya bayyana cewa an soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan hukumar. Daga 1 ga Yuli 2025 kuwa USAID ta daina gudanar da ayyuka, aka mai da abin da ya rage ƙarƙashin ma'aikatar harakokin waje.

Ingila ta sa ma'aunin 0,7 a cikin dokarta a 2015. A 2021 ta rage shi zuwa 0,5. A watan Fabrairu 2025 firaminista Keir Starmer ya sanar da cewa za a sake rage shi zuwa 0,3 nan da 2027, a ƙara kuɗin a kan na soja. Ministar da take riƙe da sashen taimakon, Anneliese Dodds, ta ajiye aikinta saboda haka. Faransa ma, wadda dokarta ta 2021 ta ce za a yi ƙoƙarin kaiwa 0,7 a 2025, ta zaftare kuɗin taimakonta a kasafin 2024 da na 2025.

Masu goyon bayan ragewa suna da hujjojinsu. Suna cewa gwamnatocinsu suna cikin bashi, nasu talakawan suna kukan tsadar rayuwa, yaƙin Ukraniya kuma ya tilasta a ƙara kuɗin tsaro. Suna cewa an shafe shekaru sittin ana bayarwa, amma ƙasashe da yawa ba su fita daga talauci ba. Wani kaso mai tsoka yana ƙarewa a albashin ƙwararru da hayar gidaje da taruka, wani kuma yana salwanta a hannun marasa amana. Akwai ƴan Afirka da suke da irin wannan ra'ayi. Masaniyar tattalin arziki ƴar Zambiya, Dambisa Moyo, ta rubuta littafi a 2009 inda ta nuna cewa taimakon da ba ya yankewa yana sa gwamnati ta fi jin tsoron mai ba ta kuɗi a kan jama'arta.

Masu adawa da ragewa kuwa suna cewa kuɗin bai kai yawan da ake zato ba. Binciken jin ra'ayi a Amurka ya sha nuna cewa mutane suna tsammanin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin ƙasarsu ne yake tafiya waje, alhali kuwa wajen kashi 1 cikin ɗari ne. Suna kuma kawo lissafin rayuka: wani nazari da mujallar likitoci The Lancet ta buga a tsakiyar 2025 ya ƙiyasta cewa ayyukan USAID sun hana mutuwar mutum miliyan 91 tsakanin 2001 da 2021, ya kuma yi hasashen cewa in ragewar ta ɗore, za a iya rasa ƙarin mutum fiye da miliyan 14 nan da 2030.

Don me ake bayarwa?

Ruwa ba ya tsami banza. Babu gwamnatin da take fitar da lanhon jama'arta ba tare da manufa ba, kuma sau da yawa manufar jin ƙai da ta maslaha suna tafiya a cikin buhu ɗaya. Dokar Amurka ta 1954 wadda ta kafa taimakon abinci, an yi ta ne domin a ciyar da masu yunwa, a kuma sama wa manoman Amurka inda za su kai rarar hatsinsu. Ƙa'ida ta tanadi a ɗauko aƙalla rabin abincin a cikin jiragen ruwan Amurka. A 2023 Ingila ta kashe kashi 28 cikin ɗari na abin da ta kira taimakon waje a cikin gidanta, wajen ɗawainiyar masu neman mafaka. An lissafa shi taimako, amma bai ƙetare teku ba.

Birnin Yamai kansa shaida ne. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, da kuɗin Amurka aka gina ta, a zamanin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suke gasar neman abokai. Gada ta biyu ta 2011 da ta uku ta 2021 aikin ƙasar Sin ne, haka ma filin wasa na Janar Seyni Kunce. A 1992, lokacin da baitulmali ya bushe, gwamnatin riƙon ƙwarya ta ƙulla hulɗa da Taiwan domin samun rance, Sin ta yanke hulɗa, ba a maido ta ba sai 1996.

Misali mafi kusa shi ne na Agadas. A 2015 Tarayyar Turai ta kafa wani asusu na musamman domin rage kwararar baƙin haure, a shekarar kuma Nijar ta yi dokar da ta haramta safarar su. Kuɗi ya shigo, amma direbobi da masu masauki da ƴan kasuwar Agadas da yawa sun rasa abin yi. An soke dokar a watan Nuwamba 2023. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba laifi ba ne mai bayarwa ya nemi amfaninsa; abin da ya wajaba shi ne mai karɓa ya san sharaɗin tun kafin ya miƙa hannu.

Abin da Nijar ta gani da idonta

Ƙasar Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan gardama. A lokacin babban fari na 1968 zuwa 1974, hatsin agaji ya shigo daga ƙasashe da dama, kuma ya ceci rayuka. Amma ƙorafi ya yi yawa cewa ba ya isa ga mabukata. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da agajin yunwa yana cikin dalilan da suka bayar. A watan Nuwamba 1982 aka yi babban taro a Damagaram a kan ayyukan raya karkara, inda ma'aikatan gwamnati da kansu suka soki manyan furoje masu cin kuɗi waɗanda ake tsarawa a biro ba tare da shawarar manomi ba. Taron Maraɗi na watan Mayu 1984 a kan yaƙi da hamada ya nanata cewa jama'a ne ya kamata su zama masu aikin.

Darasi na baya-bayan nan ya fi zafi. Bayan 26 ga Yuli 2023, ranar da majalisar soja ta CNSP ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tiani ta karɓi mulki daga hannun Mohamed Bazum, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafin kasafin kuɗi cikin ƴan kwanaki, ƙungiyar CEDEAO ta saka takunkumi, Bankin Duniya ya tsai da biyan kuɗi, a watan Oktoba kuma Amurka ta dakatar da kusan dalarta miliyan 200. A wannan watan gwamnati ta rage kasafin shekarar daga sefa miliyar 3.291 zuwa miliyar 1.981, watau kashi 40 cikin ɗari. Ta kuma kafa asusun FSSP, wanda ake tara masa gudummawar ƴan ƙasa da ɗan abin da ake cirewa a kan wasu hidimomi kamar wayar salula da sufuri. An ɗage takunkumin CEDEAO a watan Fabrairu 2024, Bankin Duniya ma ya dawo da biyan kuɗi a cikin shekarar.

Sa'an nan sai maganar wa yake da ikon rabo ta taso. Ambaliyar daminar 2024 ta kashe mutum fiye da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. A watan Nuwamba gwamnati ta zargi jakadan Tarayyar Turai da raba yuro miliyan 1,3, kimanin sefa miliyan 850, ga wasu ƙungiyoyi ba tare da sanin hukuma ba. Tarayyar ta musanta zargin, ta ce agajin gaggawa ba ya shiga siyasa, ta kira jakadanta gida. Kowane ɓangare yana da abin da yake tsoro: hukuma tana tsoron a yi aiki a cikin ƙasarta ba da saninta ba, mai bayarwa yana tsoron kada agaji ya karkace daga mabukaci. Wanda ruwa ya ci gidansa, shi bukatarsa tabarma da hatsi su iso kafin sanyi.

Taimakon da ya bar gado

Duk da haka, wanda ya ce taimako bai tsinana kome ba a Nijar bai yi adalci ba. A kudu maso yammacin ƙasa, wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda na bakin koguna ya daɗe yana makantar da mutane, har wasu suka gudu suka bar gonaki masu albarka. A 1974 hukumar lafiya ta duniya OMS da Bankin Duniya da ƙasashen yankin suka kafa shirin yaƙi da cutar. Daga 1976 zuwa 1989 aka yi ta fesa magani a kan kogunan, daga baya aka raba ƙwayoyi. Ranar 30 ga Janairu 2025 OMS ta tabbatar da cewa Nijar ta kawar da wannan makanta, ita ce ta farko a Afirka. Kurkunu ma an tabbatar da ƙarewarsa a ƙasar tun 2013.

Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe mutum kusan 25.000 a ƙasashen yankin. A watan Disamba 2010 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fara amfani da sabuwar allurar MenAfriVac, wadda aka ƙera a Indiya da tallafin waje, kuɗinta bai kai rabin dalar Amurka ba. Nau'in cutar da aka yi allurar dominsa ya kusa ɓacewa, ko da yake wani nau'in dabam ya addabi Yamai a 2015. Mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin 1.000 a 1998 zuwa 128 a 2009, bayan an gina ƙananan gidajen likita a karkara, an raba gidajen sauro, an kuma mai da maganin yara kyauta a 2006. A nan gwamnati ce ta tsai da manufa, kuɗin waje ya zo ya tallafa.

Sai kuma sassaben zamani. A farkon shekarun 1980, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a jihar Maraɗi cewa kututturan da suke cikin gonaki suna da rai, in aka bar tohonsu aka gyara shi zai zama itace. Manoma suka gwada, suka ga amfani, suka koya wa juna. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa an maido da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kuɗin da aka kashe kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na manyan gandun daji da aka dasa suka bushe.

In aka duba waɗannan ayyuka za a ga sun yi kama da juna. Kowanensu yana da manufa guda wadda ake iya aunawa, an ba shi lokaci mai tsawo, kuma ma'aikatan ƙasa ko manoma ne suka riƙe shi. Da kuɗin ya ƙare, amfanin bai tafi da shi ba.

Abin da ya rage ga ƴan ƙasa

Yawan kuɗin da majalisar Amurka ko ta Faransa za ta ware ba ya hannun ɗan Nijar. A watan Yuni 2025 OCDE ta yi hasashen cewa taimakon zai ƙara raguwa da kashi 9 zuwa 17 cikin ɗari a wannan shekara, saboda haka mai hankali ba zai gina lissafinsa a kan dawowar jiya ba. Abin da yake hannun ɗan ƙasa shi ne tambayar da zai yi kafin a sa hannu a takarda. Farfe ko magajin gari ko daraktan ma'aikata da aka kawo wa furoje, ya kamata ya nemi sanin wa ya roƙi aikin, nawa ne zai isa ƙauye daga cikin kuɗin, kyauta ne ko rance, wane sharaɗi ne a ƙarƙashinsa, kuma wa zai sayi man pampo ya biya malamin asibiti ranar da baƙi suka tafi. Shugabar ƙungiyar mata da sakataren ƙungiyar manoma da suka yi yaƙi da jahilci suna da ikon neman a karanta musu takardar, su kuma rubuta abin da aka kawo da abin da aka raba.

Akwai kuma nauyin da yake kan gwamnati. Harajin da ake tarawa a Nijar wajen kashi 10 cikin ɗari ne na arzikin shekara, ko ƙasa da haka, alhali ma'aunin ƙungiyar UEMOA kashi 20 ne. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 na kasafi ga kiwon lafiya, a Maputo kuma a 2003 kashi 10 ga noma. Tun watan Mayu 2024 ɗanyen man Agadem ya fara fita kasuwar duniya ta bututu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma sai an wasa shi. Allurar yara da maganin masassarar cizon sauro da abincin masu tamowa, abubuwa ne da ba su jure tsaiko ko na wata ɗaya. Su ne ya kamata kuɗin gida ya fara ɗauka, taimakon waje ya zo a matsayin ƙari.

A Koira Kano, allunan ƙungiyoyi suna hawa katanga suna sauka gwargwadon yadda iska ta kaɗa a manyan biranen duniya, mai gida kuma ya sake neman ɗan haya. A gonakin Agye da Matamai kuwa, gawon da manomi ya bari ya tsiro shekaru talatin da suka wuce yana nan yana zuba wa gero taki, dabbobi suna cin ƴaƴansa da rani, ba tare da jiran kasafin kuɗin kowace ƙasa ba.